Arthur Coningham, Baturen da Ya Fara Kawo Jirgin Sama Ƙasarmu

Duk wanda ya saba bin hanyar Rayfield daga cikin garin Jos ya san wurin nan da a ke kira hanyar tsohon filin jirgi. Yau jiragen fasinja can Heipang su ke sauka, kudu da Bukuru, amma sunan nan bai bar bakin mutane ba. Galibinmu in jirgi ya gifta sai mu ɗaga kai mu ce ga jirgi, shi ke nan, ba mu san irinsa ba, balle ƙasar da aka ƙera shi. Amma akwai waɗansu mutane a duniya waɗanda ba su da abin sha'awa kamar gane jiragen sama. Yadda Bafillace ke duban garke ya faɗi sunan kowace saniya ta wajen launinta da tsayuwar ƙahonta, haka su ke duban jirgi su faɗi sunansa, da kamfanin da ya yi shi, da shekarun da ya yi aiki. Babban abin da ke faranta musu rai kuwa shi ne a miƙo musu tsohon hoto wanda ya dushe, na wani jirgin da duniya ta manta da shi, su yi ta nazari har su gano ko wane ne.

Cikin jiragen nan da aka manta akwai guda biyu da ya kamata mu sani. Na fari sunansa DH.9A, na biyu kuwa Avro Tudor. Mutum guda ya haɗa su. Na farin shi ya tuƙo shi har Kano cikin shekarar 1925, lokacin da jama'ar ƙasan nan ba su taɓa ganin jirgin sama ba. Na biyun kuwa cikinsa ya shiga a 1948, aka neme shi sama da ƙasa aka rasa, har yau. Sunan mutumin nan Arthur Coningham, ga kuma labarinsa.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 19 ga watan Janairu, 1895, a birnin Brisbane na ƙasar Ostiraliya. Sunan ubansa aka sa masa. Uban nan gwanin wasan kurket ne, har ya taɓa yi wa ƙasarsa wasa, amma mutum ne mai rigima. Cikin 1900 da 1901 ya shiga wata shari'a ta abin kunya a birnin Sydney, ya sha kaye, zama ya gagare su, sai ya kwashi iyalinsa suka ƙaura zuwa Niyuzilan. A can yaron ya tashi. Ya sami shiga wata babbar makaranta a birnin Wellington, amma bai yi fice wajen littafi ba. Inda ya fi ƙarfi shi ne guje-guje da hawan doki da harbi. Yana da shekara 17 iyayensa suka rabu, da ya bar makaranta kuwa sai ya kama aikin ƙwadago a gonar masu kiwon tumaki. Wanda duk ya gan shi a lokacin nan ba zai ce zai zama wani abu ba.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, sai ya ba da kansa aikin soja. Aka fara kai su tsibirin Samowa suka ƙwace shi daga hannun Jamus, daga baya aka kai shi Masar cikin sojan doki. Can zazzaɓin taifot ya kama shi, ya rame ƙwarai, har cikin 1916 aka sallame shi aka ce ba shi da sauran amfani ga soja. Wani da sai ya koma gona ya gode wa Allah. Shi kuwa sai ya shiga jirgin ruwa ya tafi Ingila, ya nemi a ɗauke shi cikin mayaƙan sama, aka kuwa ɗauke shi. Da ya ke daga Niyuzilan ya fito, abokansa suka riƙa kiransa Maori, watau sunan ƙabilar asali ta ƙasan nan. Sannu a hankali baki ya lanƙwasa sunan ya koma Mary, sunan mata, ya kuwa bi shi har ƙarshen ransa, shi ma bai damu ba.

A ƙarshen 1916 aka tura shi fagen fama a Faransa. Jiragen da ya fara yaƙi da su, su ma suna cikin waɗanda masu sha'awa ke so, don ba su yi kama da sauran ba. Akwai DH.2, wanda injinsa da farfelarsa ke bayan matuƙi, suna tura jirgin gaba maimakon su ja shi. Akwai kuma DH.5, wanda fiffikensa na sama ya ja da baya ya bar na ƙasa a gaba, akasin yadda aka saba, wai don matuƙi ya riƙa ganin abin da ke bisa kansa. Coningham ya nuna jaruntaka, aka yi masa rauni cikin 1917, aka kuma yi masa a 1918, ya sami lambobin yabo har uku. Kafin yaƙi ya ƙare, yana ɗan shekara 23, an ba shi shugabancin rukunin jirage na 92.

Bayan yaƙi ya zauna cikin aikin. A 1922 aka kai shi Iraƙi, wajen Mosul, inda Ingilishi ke amfani da jiragen sama don tanƙwasa ƙabilun da suka ƙi bin mulkinsu, har da jefa bom a ƙauyuka. Wannan ba abin yabo ba ne, amma tarihi ba a faɗinsa rabi. A can ya ƙware da jirgin nan DH.9A, ya san halinsa cikin zafi da ƙura. A 1924 aka mai da shi Masar.

Yadda A Ke Gane DH.9A

Kafin mu bi shi zuwa Kano, bari mu tsaya mu dubi jirgin, don mu ga yadda masu wannan sha'awa ke aikinsu. Abu huɗu su kan duba bi da bi: fikafikai, da inji, da gangar jiki, da wutsiya. In waɗannan ba su warware ba, sai su koma ga tambari da haruffan da aka rubuta a jikin jirgin.

To, DH.9A fikafikansa hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an tokare su da sanduna, an ɗaure da wayoyi. Daga wannan baki zuwa wancan kusan ƙafa 46 ne, tsawon jirgin kuwa ƙafa 30 da 'yan kai. Ƙashinsa na katako ne, aka lulluɓe yawancinsa da yadi, aka shafe da wani irin fenti mai sa yadin ya ɗame kamar fatar ganga. Injinsa guda ne, ƙirar Amurka, sunansa Liberty, mai silinda 12 da ƙarfin doki 400. Iyakar gudunsa bai wuce mil 120 da kaɗan cikin awa guda ba. Mutum biyu ya ke ɗauka, matuƙi a gaba, abokin tafiya a baya, kowa kansa a waje ba rufi, rana da iska suna dukansa.

Wahalar ita ce jirgin nan yana da 'yan'uwa biyu masu kama da shi ƙwarai, DH.4 da DH.9, dukansu daga zanen wani gwani mai suna Geoffrey de Havilland, wanda harufan nan D da H ke nufi. Amma kama da wane ba ta wane. A DH.4 mazaunin matuƙi da na abokinsa suna nesa da juna, tankin mai na tsakaninsu. A sauran biyun kuwa mazaunan suna manne da juna. Sa'an nan in ka dubi goshi, na DH.9 siriri ne, kan inji ya leƙo waje ta sama, amma na DH.9A shafaffe ne mai kusurwa huɗu, don lagireto ne ya cika gaban. Waɗanda suka yi aiki a ƙasashen zafi kuma a kan ƙara musu wani lagireto a ƙarƙashin goshi, sau da yawa har da safiyar taya ɗaure a jikin jirgin, sabo da ƙaya da duwatsun filayen daji.

Saura tambari. Na mayaƙan saman Ingila zobba uku ne, shuɗi a waje, fari a tsakiya, ja a ciki. Na Faransa launukan ɗaya ne, amma an juya su, ja a waje, shuɗi a ciki. Nan ma akwai tarko, gama Rashawa sun kwaikwayi jirgin nan suka ƙera fiye da dubu biyu, suka sa masa suna R-1. Wanda bai dubi tambari ba sai ya rantse na Ingila ne. Ingilishi sun yi aiki da DH.9A daga 1918 har 1931. Yau guda ɗaya tak ya rage na asali, yana ajiye a gidan tarihin mayaƙan sama da ke Hendon, a Landan.

Daga Alƙahira zuwa Kano

Cikin 1925 hukuma ta yi shawarar a gwada ko jirgi zai iya ratsa Afirka daga Kogin Nilu zuwa Nijeriya. Ana so a san hanyar, a horar da matuƙa tafiya mai nisa, a kuma nuna wa talakawan ƙasashen nan ƙarfin masu mulkinsu. Aka zaɓi jirage uku daga rukuni na 47, aka ba Coningham jagoranci, a lokacin muƙaminsa daidai da manjo. Sauran matuƙan biyu su ne Baggs da Rowley, kowane jirgi kuma da makanikensa a kujerar baya. Mutum shida ke nan.

Suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, da asubahin ran 27 ga watan Oktoba. Suka bi Nilu kudu ta Wadi Halfa har Hartum, sa'an nan suka juya yamma ta Lubayya da Fashir, suka shiga ƙasar da Faransa ke mulki ta Abeshe da Fort Lamy, wanda tun 1973 a ke kira Njamena, suka faɗo Maiduguri. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohon alhaji ya san sunayen nan, gama ita ce hanyar da kakanninmu ke bi a ƙasa zuwa Makka, da jakuna da takarkarai, waɗansu su yi watanni, waɗansu shekaru, suna tsayawa noma a hanya don neman guzuri. Abin da ke cin alhaji shekara, shi mutanen nan suka yi cikin kwana shida.

Kada a ɗauka abin da sauƙi. Yamma da Hartum babu filin jirgi irin wanda mu ka sani, sai dai fili da aka share aka cire kututture. Mai kuwa sai an riga an kai shi cikin garwa an ajiye. Ba abin da ke nuna hanya sai kamfas da taswira da ido, taswirar ma ta wancan zamani ba duka ta ke daidai ba. In injin nan guda ya tsaya a tsakiyar daji, sai abin da Allah ya yi. Ga kuma wata matsala da ya kamata ɗaliban kimiyya su lura da ita. Iska in ta yi zafi sai ta buɗe, nauyinta ya ragu, fiffike ya rasa abin da zai taka sosai, inji kuma ƙarfinsa ya ragu. Sabo da haka jirgi mai kaya da tsakar rana sai ya yi doguwar gudu a ƙasa kafin ya ɗaga. Tudu ma haka ya ke yi wa jirgi, shi ya sa tashi daga Jos, wadda ke wajen ƙafa 4,000 bisa teku, ya fi tashi daga Ikko neman dogon fili.

Ran 1 ga watan Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen nan uku suka sauka a filin sukuwa na Kano. A lokacin jirgin ƙasa bai fi shekara goma sha huɗu da isowa Kano ba, mota ma ba ta yawaita ba, sai ga wani abu ya sauko daga sama da mutane a ciki. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo, gani ya kori ji. Bayan 'yan kwanaki suka ƙarasa Kaduna, hedkwatar Jihar Arewa, sa'an nan suka juya ta hanyar da suka zo. Ran 19 ga Nuwamba suka sauka Helwan, jirage uku cif, mutum shida lafiya, bayan tafiyar da ta haura mil 5,000. Aka ba Coningham lambar yabo sabo da wannan aiki.

Amfanin Hanyar

Da fari abin ya zama kamar wasa, an zo an yi kallo an watse. Amma hanyar ba ta mutu ba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Hartum zuwa Kano da jirgin DH.86, mai inji huɗu da fikafikai hawa biyu, kafin shekarar ta ƙare kuma aka kai har Ikko.

Shi kuwa Coningham ya koma Ingila ya koyar a kwalejin horon hafsoshin sama da ke Cranwell, watau shi ma ya taɓa alli kamarmu. Ya yi aure a 1932. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939, yana shugabancin wata rundunar jiragen bom a arewacin Ingila, masu jirgin Whitley, wanda a ke ganewa tun daga nesa don yana tafiya goshi a sunkuye kamar mai neman abin da ya faɗi.

Cikin Yunin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙi wajen Jamus, Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa. Sojan Ingila da ke Masar suna bukatar jirage, kewayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu a jirgin ruwa kuwa sai an yi watanni. Nan aka tuna da tsohuwar hanya, da ma da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya sa Gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata, ya bi bayan Janar de Gaulle cikin Agustan 1940, sai hanya ta buɗe. Aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wadda ta zama Gana, a harhaɗa su can, su taso ta Ikko, Kano, Maiduguri, Jinaina, Hartum, har Masar. Ayarin fari ya tashi cikin Satumban 1940, jirgin Blenheim guda mai inji biyu yana ja-gaba, ƙananan jiragen Hurricane shida na biye, kamar madugu da fatake. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi hanyan nan. Dattawan Kano da Maiduguri na wancan zamani sun ga irin jiragen da masu sha'awa yau ke marmarin ganin ko da hotonsu.

Yaƙin Hamada

Abin mamaki, cikin Yulin 1941 aka kira Coningham Masar aka danƙa masa mayaƙan sama na hamadar Libiya. Watau jiragen da ke biyo hanyar da ya buɗe shekara goma sha shida baya, da yawansu hannunsa su ke faɗowa.

A nan ya yi aikin da ya sa sunansa ya shiga littattafan soja. Da can al'ada ita ce a rarraba jirage, kowane janar na ƙasa a ba shi kaɗan su yi ta shawagi bisa kansa. Coningham ya ga wannan ɓarna ce, gama tsintsiya in an kwance ta ba ta shara. Ra'ayinsa shi ne a tara jirage duka a hannun mutum guda, a fara korar jiragen abokan gaba daga sama, sa'an nan a faɗa wa motocinsu da ke kawo mai da abinci, daga baya a taimaki sojan da ke bakin daga. Ya kafa zangonsa dab da na shugaban sojan ƙasa don su riƙa shawara kullum. Ya kuma raba ma'aikatan kowane rukuni kashi biyu, kashi ɗaya na aiki a wannan fili, ɗaya ya wuce gaba ya shirya na biye, don kada jirage su rasa wurin sauka ko ana ci gaba ko ana ja da baya. Cikin Yunin 1942, sa'ad da Rommel ya kori sojan Ingila ya ƙwace Tobruk, jiragen Coningham ne suka tsare bayansu har suka kai El Alamein. A nan kuwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, aka karya Rommel. Sarkin Ingila ya ba Coningham sarautar Sir, a 1943 kuma Amurkawa suka ɗauki tsarinsa suka sa cikin littafin koyarwar sojansu.

Mutum ne dogo mai fara'a, ba ya shan taba, giya ma ba ta dame shi ba, ba ya kuma son zagi. Amma yana da nasa aibi, gama yana da zafin kai da son a san aikinsa. Shi da Janar Montgomery sun fara da daɗi, daga baya suka ɓata, don yana ganin Montgomery ya kwashe yabo duka ya manta da mayaƙan sama, yana kuma jan ƙafa wajen bin abokan gaba. A Tunisiya, cikin Afrilun 1943, Janar Patton na Amurka ya yi kukan jirage ba su tsare mutanensa. Coningham ya mayar da amsa mai zafi wadda ta taɓa mutuncin sojan Amurka, har abin ya nemi ya ɓata tsakanin ƙasashen biyu. Sai da shugabansa Tedder ya sa shi ya janye maganar, ya taka da ƙafarsa ya ba Patton haƙuri.

A 1944 aka ba shi jiragen da za su taimaki sojan da za su ƙetare zuwa Faransa. A nan gane jirgi ya tashi daga abin sha'awa ya zama maganar rai da mutuwa. Akwai wani jirginsu mai suna Typhoon wanda, in ya taho a guje, ya kan yi kama da Focke-Wulf 190 na Jamus, har 'yan'uwansa sun sha harbinsa bisa kuskure, sai da aka yi masa zane baƙi da fari a ƙarƙashin fiffike. Ran 6 ga Yuni, 1944, ranar ƙetarewa, aka yi wa galibin jiragen ƙawance zane biyar a fikafikai da gangar jiki, fari uku baƙi biyu, don ma'aikatan igwa su gane nasu. Jamusawa ma ba su tsira daga wannan ba. Ran 1 ga Janairu, 1945, suka kai wa filayen jiragen ƙawance farmaki da sassafe, suka yi ɓarna mai yawa, amma da ya ke an ɓoye shirin ba a sanar da masu igwarsu duka ba, waɗansu jiragensu nasu ne suka harbo su.

Ƙarshensa

Bayan yaƙi aka ba shi shugabancin horon matuƙa, cikin Agustan 1947 kuwa ya ajiye aiki da muƙamin Iya Mashal. Mutumin da ya tsira daga taifot, da harsashi sau biyu, da dajin Darfur a jirgin katako, ashe ajalinsa na jiransa a kujerar fasinja.

Jirgin Avro Tudor shi ne na fari cikin jiragen fasinja na Ingila wanda aka matse iska a cikinsa don tafiya can sama. Roy Chadwick ne ya zana shi, mutumin da ya zana shahararren jirgin bom ɗin nan Lancaster. Alamominsa su ne inji huɗu na Rolls-Royce masu tsinin goshi, da gangar jiki kamar gora, da doguwar wutsiya guda, da ƙaramar taya a baya, har in yana tsaye goshinsa na kallon sama. Jirgin bai yi sa'a ba tun farko. Babban kamfanin BOAC ya ƙi karɓarsa, guda 38 kaɗai aka ƙera, Chadwick kansa kuma cikin ɗayansu ya mutu a watan Agusta na 1947, wajen gwaji, don an haɗa wayoyin sarrafa fikafikai a juye.

Wani kamfani mai zuwa Amurka ta Kudu ya ɗauki kaɗan daga cikinsu, ɗaya sunansa Star Tiger, lambarsa G-AHNP. A ƙarshen Janairun 1948 Coningham ya shige shi daga Landan. Suka sauka Lisbon, suka wuce tsibirin Santa Maria cikin Tekun Atlantika, iska ta tsai da su. Ran 29 ga wata suka tashi zuwa Bamuda, tafiyar wajen mil 2,000 bisa ruwa ba wurin sauka, iska kuma na tura su baya. Don guje wa ƙarfinta matuƙin ya bi ƙasa ƙasa, wajen ƙafa 2,000 kawai bisa ruwa. Da misalin ƙarfe uku na dare, ran 30 ga wata, mai wayar iska na jirgin ya nemi Bamuda ta faɗa masa inda ya dosa, aka faɗa masa, ya amsa ya ji. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Aka yi kwana biyar ana nema, ba a ga ko tsinke ba. Mutum 31 ke ciki. Kwamitin binciken da aka naɗa ya rufe aikinsa bai gano dalili ba. Shekara guda bayan haka wani Tudor mai suna Star Ariel ya ɓace tsakanin Bamuda da Jamaika da mutum 20, daga nan kamfanin ya daina ɗaukar fasinja da irinsa.

Coningham ya rasu yana da shekara 53. A ranan nan ce aka harbe Mahatma Gandhi a Indiya, a ranar kuma Orville Wright ya rasu a Amurka, ɗaya daga 'yan'uwan nan biyu da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903. Labarin Gandhi ya cika jaridu, na Coningham ya zo a gefe.

Abin da Ya Rage Mana

Ko Jos ta ci moriyar hanyan nan. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, WAAC, wanda ya haɗa garuruwa irin su Ikko da Jos da Kano da ɗan ƙaramin jirgin nan Dove, watau kurciya, mai inji biyu da ɗan tozo bisa mazaunin matuƙi. Daga baya aka kawo wansa Heron, watau zalɓe, mai kama da shi amma ya fi shi tsawo, injinsa huɗu. Su ma daga gidan de Havilland suka fito, jikokin DH.9A ke nan. Wanda ya sami tsohon hoton jirgi a akwatin kakansa, ya dubi haruffan jikinsa. In ya ga VR-N, na Nijeriya ne kafin mulkin kai. In 5N ne, bayan mulkin kai. Harafin G na Ingila ne, 5U na Nijar, 9G na Gana, TT na Cadi.

Mu da za mu fita mu koyar, akwai abu biyu da za mu ɗauka. Na ɗaya, yaron da bai yi fice a aji ba kada mu yanke masa ƙauna, gama Coningham ma haka ya ke, daga kiwon tumaki ya tashi. Na biyu, mu koya wa yara duba abu da kyau kafin su faɗi sunansa. In jirgi ya gifta bisa makaranta, maimakon mu tsawata musu don sun leƙa taga, mu tambaye su inji nawa suka gani, fiffiken a sama ya ke ko a ƙasa, wutsiyar yaya ta ke, su zana a allo. Yaron da ya saba da wannan, haka zai riƙa duban tsuntsu da ganye da dutse, har da maganar da aka kawo masa. Allah ya ba mu ido mai lura, amin.